Ƙwaryar da Baba Ba Ya Sayarwa

Ni na gyara wa Baba kasuwarsa, ni kuma na kashe ta. Mai zanen ƙwarya ne, da wuƙa yake yi. Da na gama sakandare, a shekarun da taki ya gagare mu, gero ke ƙarewa tun kafin shuka, sai na fara bin sa kasuwar Shanono. Abin da na gani ya ba ni haushi. Zai jibge ƙore kamar kabewa, kuma da mai saye ya yaba, shi da kansa zai nuna masa inda wuƙa ta zame.

Na ce ya daina. A shimfiɗa baƙin zane, a goge uku a kife a kai, saura su zauna a buhu. Kada ya kushe aikinsa, kada ya riga mai saye faɗin kuɗi. Ya yi dariya, ya ce boko ya iso, amma ya bi, ciniki kuwa ya motsa.

Akwai wata babbar ƙwarya, tsohuwa, wadda duk zanen da ya iya yana jikinta. A kanta matan Fulani ke nuna irin da suke so. Ran nan wani mutum daga birni, mai ƙawata otal, ya ce ita yake so, ya yi tayin da zai kai mu kaka. Baba ya ce albarka. Na ja shi gefe, na ce Inna na can tana tsinkaka kunu da ruwa, shi yana rungume da ƙwarya. Zane ai a kansa yake, ya yi wata.

"Haka kika gani, uwata?"

"Haka na gani."

Ya miƙa wa mutumin ita.

Sati biyu bai taɓa aiki ba. Inna ce ta gaya mini, tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ashe yanar ido ta daɗe da rufe masa gani. Da yatsan hagu yake bin zanen tsohuwar ƙwaryar, hannun dama yana kwaikwaya. Shi ya hana a faɗa, kada masu saye su ji.

Sau biyu ina zuwa birni, ban sami mutumin ba. Na bi gidajen maƙwabta na aro ƙoren da ya taɓa yi musu. Ya shafa ɗaya bayan ɗaya, ya ce wanki ya cinye layin.

Masu zane da ɗinkin hula kan nemi shawarata, wai na iya kasuwa. Nakan ce abin da kake nunawa a zaɓa, ko yunwa ta zo kada ka sayar, sai in tashi.

Hatsin da muka saya da kuɗin ƙwaryar ya kai mu kaka. Baba bai taɓa ɗora mini laifi ba. Ranar kasuwa yakan yi wanka, ya sa hula, ya zauna a zaure har la'asar.