Ranar da Na Wanke Tutar Mai Sulke

Ran Laraba ce. Na tashi da kiran assalatu, na hura wuta, na dama koko. Mu huɗu ne a gidan, a Ƙofar Ran: ni, da maigidana Malam Sule tela, da 'yarmu Kande tana shan nono, da Inna mahaifiyata, wadda ciwon ƙafa ya hana ta komawa ƙauyensu na kan dutse. Malam ya sha kokonsa a tsaye kamar kullum. Hularsa a karkace take, na ce ya gyara. Ya yi dariya ya ce, "Ke Ladi, in ba ki ga abin gyara ba, ba kya samun sukuni." Ya tafi rumfarsa a kasuwa.

Gaskiya ya faɗa. Ni ba na iya ganin dauɗa in wuce. Maƙwabta har tsokanata suke yi, wai in baƙo ya daɗe a gidana sai na haɗa shi da kwanuka na wanke.

A lokacin ana shirin karɓar mulkin kai, gari ba shi da magana sai ta tuta. In an sauke ta Bature a gaban ofishin gwamnati na yankinmu, sabuwa ta ƙasa za a ɗaga, wannan ba gardama. Gardamar a kan wata tsohuwar tutar yaƙi ce, ta wani mayaƙi na dā da ake kira Mai Sulke. Jikokinsa suka ce a kafa ta gefen sabuwar, don ita ce darajar gari. Mutanen duwatsu mazauna birni suka ce a ƙarƙashinta aka ƙone ƙauyukansu, aka ɗaure kakanninsu, ba za su riƙa wucewa ta gindinta duk ranar da suka je ofis ba. An yi zama biyu, an tashi baram-baram. Za a yi na uku ran Alhamis.

Jikokin sun tabbata su ne da nasara. Suka kawo wa Malam tutar a asirce cikin jakar fata, don ya yi mata maho inda ɓera ya ci. Ranar da Inna ta gan ta, sai da ta ajiye lomar da ke hannunta. Ta ce da Hausarta ta dutse, "Tuta ɗin nan na san shi. Uwana ya bi bayansa da igiya a wuya. Ku fid da shi." Malam ya durƙusa ya ce, "Ki yi haƙuri Inna, amana ce. Jibi za su karɓa."

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, tutar nan ba a wanke ta, ba a kuma ɗaga ta sama sai in za a fita yaƙi. Kowane dattijon birni ya sani. Ni ba 'yar birni ba ce. Ni dai wari nake ji a ƙarƙashin gadona.

An buga ƙarfe tara a ofis, na jawo jakar. Ruwan farko ya fita baƙi ƙirin. Na biyu ya fita ja-ja. Sai a na uku na ga asalinta, fara ce mai jan baki. Igiyar shanyata gajeruwa ce, akuyar maƙwabta kuwa ta riga ta ci mini zane biyu. Sai na ɗaure tutar a doguwar gorar da muke kakkaɓe tsamiya, na jingina da katanga. Iska ta buɗe ta. Na ja baya ina kallo, har ina jin daɗin aikina. Allah Ya gafarta mini.

Inna ta leƙo daga ɗaki. Ta yi salati. "Ladi! Me ka yi?"

Kafin a buga ƙarfe goma, matan unguwa suka daina daka. Wannan shirun na fara ji. Sai busar ƙaho daga wajen gidan jikokin Mai Sulke, sau uku. Sun ga tutar kakansu a sama, sun ɗauka kira ne. Daga ɗaya gefen kuma sai ihu. Mutanen duwatsu sun ɗauka an ɗaga ta tun kafin a yanke magana, don a ci musu fuska.

Na ruga na kama gorar. Kanta ya saƙale a reshen tsamiya. Na ja, na girgiza, ta ƙi. Dutsen farko ya faɗo ya fasa randa. Na biyu ya same ni a kafaɗa.

Taron biyu suka haɗu a lungunmu, lungun da jaki da kaya ba ya wucewa.

"A sauke ta!"

"Kada wanda ya taɓa ta!"

Daga nan ba magana, sai ƙarar sanda a kan mutum. Ban taɓa sanin ƙashi yana ƙara haka ba. Wani ya kira uwarsa sau biyu, bai kira na uku ba. Aka jefo bakin wuta, rufin madafa ya kama. Kande ta tsala kuka har muryarta ta ɗauke.

Wani ƙato ya faɗo tsakar gida ta kan katanga, da gatari. Ya nufo ni. Inna ta rarrafo bakin ƙofa ta daka masa tsawa da yarensu. Ya tsaya. Ya dubi zanen fuskarta, iri ɗaya da nasa. Ya dubi tutar, ya dube mu, ya tofar da yawu, ya haura ya fita.

Malam ya shigo ta gidan maƙwabta, ba takalmi, almakashinsa a hannu. Ya dubi gorar, ya dubi ƙwaryar wankin da sabulun. Ya gane. Ya juya ya nufi katanga. Da ya zage ni, wallahi da na fi samun sauƙi.

Ya hau katanga. Ƙullin ya jiƙe, ya ƙi kwantuwa, ni na ƙulla shi da kyau. Sai ya sa almakashi. Masu tuta suka ga tela yana yanka tutar kakansu. Masu ƙinta suka ga mai gidan da aka kafa ta. Duwatsu suka zo masa daga gefe biyu. Tutar ta faɗa waje, shi ya faɗo ciki. Hularsa ta gangaro har ƙafata.

Ya tashi, jini ya rufe masa ido ɗaya. Ana dukan ƙyauren zaure da turmi. Ya ruga ya sa baya ya tokare.

"Ɗauki Inna! Ku bi ta baya!"

"Malam!"

"Tafi na ce!"

Na ɗaure Kande a ƙirji. Na goya uwata a baya. Na sunkuya na ɗauki hular, ban san dalili ba. Muka fita ta inda damina ta ci katangar baya. Muna cikin lungu na biyu na ji ƙyauren ya tsage.

A bakin rijiya na tsallake wani mai ruwa, yana kwance rub da ciki, tulunsa a fashe. An buga ƙarfe goma sha biyu muna ƙetare ganuwa. Na shiga gonar dawa, ganye yana yankar fuskar Kande. Inna tana ta cewa in ajiye ta in tafi. Na ce ta yi mini shiru. Ban taɓa gaya wa uwata haka ba sai ranar.

An yi kiran azahar, can nesa, kamar ba abin da ya faru. Na faɗi sau biyu. Wata Bafulatana mai tallan nono ta gan mu, ta sauke ƙwaryarta ta ba mu muka sha, ta karɓi Kande ta goya. Ba ta tambaye mu ko mu su wane ne ba. Da la'asar muka isa ƙauyen Tirwun, gidan Goggo, ƙanwar mahaifin Malam.

Washegari da hantsi aka zo da labari. An same shi a ƙarƙashin ƙyauren, an bi ta kansa. Goggo ta tambayi mai saƙon ko wane ɓangare ne suka kashe shi. Ya ce ba wanda ya sani, duka biyun sun shiga.

Tutar kuwa an yayyaga ta a lungu, kowa ya tafi da ƙyalle. Ba a yi zaman Alhamis ba. Ranar mulkin kai, an ce tuta ɗaya aka ɗaga a gaban ofis. Ban je na gani ba.

Mun karya kumallo mu huɗu, mun isa Tirwun mu uku. Inna ta rasu bayan shekara biyu, ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Kande ba ta san fuskar ubanta ba. Hular tana cikin adakata, da ƙasar tsakar gidanmu a jikinta, da jini a gefe ɗaya. Har yau ban wanke ta ba.