Delfino da Iyakar Gonata

Ranar da Delfino Avila ya shigo gidana da burodi mai zaƙi a hannu, ban ba shi kujera ba. Mun tsufa muna maƙwabtaka a gefen garin Los Banos, shanunsa suna leƙen gonar harawata, amma ko lemo ɗaya bai taɓa miƙo mini ta kan shinge ba.

"Wa ya mutu?" na ce.

"Ba kowa, Tia Albertina. Iyakarmu nake so mu gyara."

"Ciwo take yi?"

Ya ce wai shingen ya karkace. Zai ba ni yanki daga kudu, ni in ba shi daidai shi daga arewa. A arewan nan kuwa ƙofar ruwana take, inda nake buɗe wa gonata ruwa daga babbar magudana. Marigayi mijina Serafim ne ya gina ta da hannunsa. Na ɗora wa Delfino burodinsa a ƙirji, na raka shi da baki har titi. Waɗanda ke bayan coci ma sun ji ni.

Delfino, mai ce mini Tia, wato goggo a yarenmu, daga tsibirin São Jorge can tsallaken teku ya zo yana saurayi, ya yi tatsar shanun wasu har ya sayi nasa. Bai iya cewa a'a ba. In ka matsa masa sai ya ce "to, mu gani," ya koma cikin garke. Ni irin wannan mutumin na fi tsoro. Ɗansa guda ne, Rogério, mai takalmin da bai taɓa taka kashin shanu ba.

Gonakinmu duka suna ƙarƙashin yarjejeniya da gunduma: ka yi alkawarin noma kawai, babu gini, su sassauta maka haraji. Tana sabunta kanta, sai in ka ce ka fita, sannan ka jira shekara goma. Tuntuni Rogério ya matsa wa uban har ya ce ya fita, don a sayar da gonar a gina gidaje, kuma wa'adin ya kusa cika. Har mun fara ganin masu gine-gine suna tsayawa da fararen motoci suna nuna garken da yatsa.

Da farko na ɗauka ruwana suke so don gonar ta yi tsada. Amma ina shara sai na tsaya. Mai gina gidaje me zai yi da ruwan harawa? Da aka tashi daga coci na tare wata 'yar cocinmu, Dona Lucinda, wadda ta gyara iyaka da surukinta bara. Ta ce ai in aka matsar da iyaka, sai an soke tsohuwar yarjejeniya an ɗaura sabuwa, shekara goma cif, gonakin biyu duka.

Na sami Delfino yana wanke ɗakin tatsa.

"Ɗanka ya san abin da gyaran nan zai jawo?"

Bai ɗago ba. "Na ce masa ke kika tayar da rigima. Wai bangon garkena ya shiga gonarki, za ki kai mu kotu."

"Ni?"

"Bai tambaya sau biyu ba, Tia. Ya san ki."

"To me ya kai ka ga ƙofar ruwana, tsohon munafuki?"

"Da wani wurin na nema, da ba ki yi ihun da za a ji a gari ba."

Na daɗe ina kallonsa. Mutumin da zai iya ɗaura wa ɗansa wannan, ni me zai ɗaura mini? Amma na hango fitilun sababbin gidaje a bayan tagata, da baƙi masu kai ƙara kan warin taki. Na ce na yarda, amma duk musayar a kudu za a yi, kuma ranar awo ina tsaye.

Na tsaya kuwa, da kujerata da lema. Rogério ya zo yana huci, ya ce tsufa bai rage mini mugunta ba. Na ce masa ƙaruwa ma take yi. Uban yana gefe yana duban ƙasa kamar wanda aka zalunta.

Delfino bai ga bazara ta gaba ba. Shanun suna nan, Rogério ya ba wani hayar garken, shi kuwa Rogério ba ya gaishe ni. Har yau in na je buɗe ruwa sai na duba turakun shinge ɗaya bayan ɗaya.

Rabona da Delfino tun a ƙofar ofishin gunduma, bayan na zana alamata a inda aka nuna mini. Ya miƙo mini wani burodin. Na karɓa, na shinshina, na ce masa:

"Don shanu na yi, ba don kai ba. Kuma in shingen nan ya matso ƙofar ruwana ko da faɗin tafin hannu, kotun da ka ƙaga mini, da ƙafata zan kai ka."