Warƙar Goggo Dudu

Ban taɓa mantawa da ranar da wata tsohuwa ta kore ni daga rugarta ba, ni da keken aro da takardar ofis a aljihu. A tsakiyar shekarun hamsin ne, ina helma, wato shugaban leburorin hanya. Ku da kuka zo aiki kuka tarar da gada ba za ku san wahalar mashigi ba. A lokacinmu helma ne ke zaɓen inda hanya za ta ƙetare rafi, ya kafa turaka, leburori su sassabe, su zuba marmara. In ruwa ya cinye, kai ya cinye.

Akwai wani rafi tsakanin Tudun Wada da Doguwa da ya kunyata ni damina biyu a jere. Maigidana, Malam Garba, babban malamin hanya, ya kira ni ya ce, "Sule, kwana goma na ba ka, ka samo inda za a ƙetare. In ruwa ya sake ɗauke mashigin nan, ka koma riƙon diga." Na ce, "To, ranka ya daɗe." Na fito ina lissafin kwanakin, domin shekara tara na yi da diga kafin in sami helmancin nan.

Limamin Badafi ne ya tuna mini da littafin Malam Jibo. Duk ƙasar nan an san shi. Malami ne da ya yi ta bin fatake tun kafin a haife mu, ya tsara hanyar daga Badafi zuwa Doguwa cikin waƙa da ajami: rijiyoyi, inuwoyi, mashigai, har da garin da tuwonsu ba ya ƙosarwa. Sai dai bai bar littafin wuri ɗaya ba. Duk gidan da aka sauke shi, sai ya bar musu warƙar zangonsu, wato takardar da ke maganar wurinsu, a matsayin godiya. Ba a fita da ita daga gidan. Mai son littafin sai ya taka, a ba shi ruwa, ya kawo baitin ƙarshe na gidan da ya baro, sannan a buɗe masa gafaka.

Na bi ƙa'ida a Badafi da Dangora, har Tudun Wada. Daɗi kuwa na ji ba kaɗan ba. Ka ji an ambaci tsamiya a takarda, ka ɗaga kai ka gan ta tsaye, ga tabarma a gindinta. Amma kwana shida sun tafi, saura gida biyu: na wani maƙeri, Danladi, kafin rafin, da rugar Goggo Dudu a hayinsa. Sai wayona na ɗan ofis ya motsa. Na ce ai labarin mashigi yana wurin waɗanda suka ƙetare, me zan yi da maƙeri? Na ari keke, na zaga ta hanyar mota, na diro rugar da hantsi.

Goggo Dudu tana kaɗa nono. Na durƙusa na gaishe ta, ta sa aka ba ni kindirmo, ta bari sai da na shanye.

"To, ɗan nan, kawo baitin gidan Danladi."

Na zaro takardar ofis. "Goggo, aikin hukuma ne, sauri nake yi."

Ta dubi takardar, ta dubi keken. "Wannan dokin ƙarfen ne zai karanta mini, ko kai? Ubana bai buɗe wa kowa ba sai wanda ya taho ta ƙofa. Kai ta katanga ka hauro."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Na yi magiya, na ambaci maigidana, na ambaci iyalina. Ta ci gaba da kaɗa nonon kamar da iska nake magana. Haka na juya, na ɓata yini da rabi a banza.

Danladi ya yi mini dariya har da riƙe ciki, ya ce ni ne na uku da Goggo ta koro masa tun da ya gaji gidan. Ya ɗauko gafakar, muka karanta tare. Warƙarsa ba ta ce ga mashigi ba. Cewa ta yi matafiyi ya bar turbar kasuwa, ya bi sahun shanu ta gindin kukoki biyu, ya yi ta tafiya har ya daina jin yashi a tafin ƙafarsa.

Da safe na bar keken a maƙera, na cire takalmi na rataya. Na wuce kukokin ina ta ƙunƙuni, don sahun sai nisanta ni yake yi da wurin da na saba kafa turaka. Can sama da tsohon mashigina, inda rafin ya yi faɗi, sai ƙafata ta taka abu mai tauri. Na tona da hannu. Shimfiɗaɗɗen dutse ne, yashi kaɗan ya lulluɓe shi, daga wannan gaɓa har waccan. Na zauna a kansa ina dariya ni kaɗai. Shekara biyu ina zuba marmara a kan yashi, ga abin da Allah ya shimfiɗa, shanu na bi kullum.

Na isa rugar ƙafa duk ƙaya, na rera baitin Danladi da muryata mai kama da ta jaki. Goggo ta shiga bukka ta fito da gafaka. Ba ta iya karatu ba, amma ta haddace warƙar tas, ina bi da ido tana zubawa. Yabon nonon rugar ubanta ne, da addu'a ga shanunsa. Ko kalma ɗaya babu a kan rafi.

Na ce, "Goggo, ina labarin mashigin?"

Ta ce, "Wanda ya iso nan da ƙafarsa ai ya riga ya ƙetare. Me Malam zai ƙara gaya masa?"

Rana ta goma na kai wa Malam Garba rahoto, muka mayar da turaka kan dutsen. Damina ta zo ta wuce, mashigin ko gezau. Helmancina ya tsira, har na yi ritaya ban sake riƙe diga ba.

Abin da na ɗauka daga nan shi ne, hanya ba a saninta daga kan sirdi, kuma mutanen da suka riga mu takawa ba don mugunta suke sa mu jira ba. Tun daga shekarar, duk sabon helman da aka turo mini, kafin in ba shi turke ko ɗaya, sai ya cire takalmi ya faro daga Badafi.