Abin da Na Faɗa a Lasifika a Kebbe

Cikin duk ranakun da na yi ina aikin majigi, wadda ta ƙi barin raina ita ce ranar da muka nuna kashi na biyu na fim ɗin wani matuƙin jirgi a Kebbe. Ku da kuka shigo aikin yaɗa labarai yanzu ba ku tarar da majigi ba, don haka bari in fara da yadda yake.

'Yan shekaru kaɗan ne bayan samun 'yancin kai. Mota guda ce, mu uku a cikinta: direba, da mai inji wanda ke haska hoto a jikin farin ƙyalle, da mai bayani, wato ni. Finafinan da Turanci suke zuwa, ni ke riƙe da makirufo ina mayar da su Hausa. Daga Tambuwal muke tashi, mu bi Jabo da Sanyinna, mu gangara Kebbe da Fakku, mu komo. Ainihin aikinmu nuna takin zamani da rigakafin shanu ne, amma mutane ba sa taruwa don taki. Shi ya sa ofishinmu na Sakkwato ya aro wani shiri mai kashi shida da aka yi don talabijin, muna nuna kashi ɗaya a kowane zagaye.

Labarin wani zamani ne mai zuwa, inda mutane ke ƙaura zuwa wata duniya cikin manyan jirage. Wani Kyaftin yana jagoran ayari, ruwan duwatsu ya tare su a sararin sama, tsoro ya kama shi ya juya, jirgin da ke bin sa ya halaka. Aka tuɓe masa igiyoyinsa, aka ba shi tsintsiya.

Mai injinmu kuwa Umaru ne, ɗan wani malami mai tafsiri a Kebbe. Yana cikin samarin Arewa da aka tura ƙasar waje koyon tuƙin jirgin sama. Da zai tafi, garin duka ya yi masa rakiya. Bayan shekara ɗaya da rabi aka dawo da shi ba takarda. Bai zauna gida ba, ya nemi wannan aiki. Mutum ne marar yawan magana, kuma ban taɓa ganin fim ya tsinke a hannunsa ba.

Kafin zagayen kashi na biyun ya roƙi shugabanmu a sake shi daga zuwa Kebbe. Shugaban ya ce ba wani mai inji a ƙasa, sai dai ya yi haƙuri. Ina tsaye aka yi maganar. Na san abin da yake gudu.

Ranar mun kafa ƙyalle bayan magariba, jama'a sun cika fili, amma taron ya yi sanyi. Mai bayani da dariya ake auna shi, ni kuma lokacin ina ji da kaina. Da aka zo inda ake miƙa wa Kyaftin tsintsiya, sai na ji bakina ya ce, "To ga shi nan, an koro shi. Saura ya komo gida ya nemi aikin majigi."

Fili ya ɗauki dariya. Kawuna suka juya wajen motar, inda Umaru ke zaune bayan inji. Lasifikarmu kuwa tana kai wa ƙarshen gari, har zauren mahaifinsa. Bai kashe inji ba. Ya kai fim ɗin har ƙarshe, ya nuna na taki, ya naɗe wayoyi kamar kullum.

Da safe a hanyar Fakku direba ya tsaya zuba ruwa a mota, muka rage ni da Umaru. Na fara cewa wasa ne.

"Malam Bello, mi na yi maka?" Haka kawai ya tambaye ni.

Nan ya ba ni labarin da bai taɓa ba kowa ba. Ranar gwajin sauka ne, iska ta bugi jirgin daga gefe, hannuwansa suka ƙame a kan sitiyari. Malaminsa na ta kiran sunansa, yana ji, ya kasa motsi. Jirgin ya kife a bakin fili. Shi ya fita lafiya, malamin aka yanke wa ƙafa. Ya ce tun dawowarsa mahaifinsa bai taɓa tayar da zancen ba, shi kuma ya kasa haɗa ido da shi.

Daga ranar sunan Kyaftin ya bi shi. Kafin mu gama zagaye ya riga mu isa Tambuwal. Ko mai zai saya a kasuwa, sai wani ya sara masa irin na soja, a yi dariya.

Ƙa'idar aikinmu ita ce mai bayani ya kalli kowane kashi a ofis kafin a fita da shi. Da na kalli na shida, na ga annoba ta faɗa wa mutanen sabuwar duniyar, magani na can nesa, hanyar kuma ta cikin duwatsun nan ce. Duk matuƙa suka ƙi. Kyaftin ya ajiye tsintsiya ya hau jirgi, ya ratsa, ya kawo maganin, aka mayar masa da igiyoyinsa. Na ce a raina ga inda zan wanke Umaru a gaban mutanen garinsu.

Ashe ya riga ya miƙa takardar barin aiki. Ya yi mako biyu yana koya wa wanda zai gaje shi. Na same shi a garejin ofis na gaya masa ƙarshen fim ɗin, na roƙe shi ya bi mu Kebbe ko sau ɗaya. Ya saurara har na gama, yana goge gilashin inji.

"Shi an rubuta mishi jirgi na biyu," in ji shi. "Ni wa za ya ba ni?"

Muka je Kebbe ba shi. Na yi bayanin da ban taɓa yin irinsa ba, har na ga dattawa na share ido. Da aka gama ban ajiye makirufo ba. Na ce watannin baya na ci mutuncin ɗan garin nan ba da hakkinsa ba, ina neman gafararsa da ta iyayensa. Amma jama'a sun riga sun miƙe, ana kaɗe tabarmi, ana kiran yara. Wani da ya share hawaye yanzu-yanzu ya leƙo motar yana murmushi, ya tambaye ni ina muka baro namu Kyaftin ɗin.

Washegari da hantsi na tafi zauren mahaifinsa. Dattijo ne siriri, littattafai jibge a gefensa. Na durƙusa na ce, Allah gafarta Malam, ni ne mai bayanin majigi. Ya ce ya gane muryar.

"Duka biyun na ji," in ji shi. "Ta farko gari duka anka ji ta. Ta jiya, ina jin ni ɗai na saurara."

Ya ce shi ya yafe nasa, na Umaru kuwa sai Umaru. Sannan ya gaya mini cewa bai taɓa fushi da ɗansa ba. Shiru ya yi masa don kada ya tayar masa da ciwo, yana jiran ya huce su yi magana. Kwana goma da suka wuce Umaru ya zo ya yi sallama da mahaifiyarsa da rana tsaka, lokacin shi yana masallaci, ya tafi bai faɗi inda za shi ba. Ya roƙe ni, tun da muna yawon garuruwa, in na gan shi in ce masa ya zo gida.

Na yi cigiya a duk inda motarmu ta tsaya, shekara da shekaru. Malam ya rasu ban isar da saƙon ba. Can daga baya na ji an ce an ga Umaru yana kanikanci a wani garin jirgin ƙasa, wai a can ya rasu. Ban tabbatar ba.

Na ƙara shekara ashirin da wani abu a aikin, har na zama mai horar da sababbi. Abin da na gane game da mutanenmu shi ne suna iya yi wa baƙo na jikin ƙyalle kuka, su ƙi yafe wa maƙwabcinsu, ba don mugunta ba, sai don ba wanda ya nuna musu abin da ke ransa. Mu da ke riƙe da makirufo aikinmu ke nan, ni kuma na yi akasinsa. Don haka duk wanda na miƙa wa makirufo cikinku, abu ɗaya nake fara gaya masa: kafin ka ba jama'a dariya, duba ka ga wa zai kwana da ita.