Gurnanin injin ruwa a ɗakin Gwaggo

A ofis Wataƙila suke kiranta, domin da wuya ka ji ta ce "tabbas". A da ba haka take ba. Injiniya ce, aikinta ta gina bene cikin kwamfuta tun ba a haƙa tushensa ba, ta kunna masa injuna, ta ga inda zai girgiza da inda ƙara za ta ratsa bango. Gwaggonta mai saƙa ce ta raine ta tun tana goye.

Wata shekara aka kawo mata zanen bene mai hawa uku, wanda injin tura ruwa zai zauna kan rufinsa bisa dungulayen roba. Taurin robar kuwa babu wanda ya san shi daidai. Ta gwada da mai laushi, kwamfuta ta nuna shiru. Ta gwada da mai tauri, sai ɗakin sama ya yi jajawur a allon kwamfutar, alamar ƙara za ta cika shi. Mai ginin na tsaye a kanta yana duba agogo.

"Amsa ɗaya nake so, Injiniya. Za a ji, ko ba za a ji ba?"

"Ba za a ji ba," in ji ta, ta rufe hoton mai ja.

Har maganar ta fice mata a rai. Da aka gama ginin, ita da kanta ta samo wa Gwaggo ɗakin sama, saboda tsohuwar na son iska.

Ran da ta kai ziyara da hantsi, ta tarar Gwaggo ta ja tabarma kicin, tana saƙa tsakanin tukwane, kunnuwanta toshe da auduga. Cokali na ta karkarwa cikin kofi a kan tebur.

"Gwaggo, me ya maido ki nan?"

"Yo ɗakin ne ke min gurnani kamar an ɗaure kura a silin. Ƙyale shi, 'yar nan. Wanda ya yi lissafin ma ɗan wani ne, ya yi iya yinsa."

Ta dafa bango, girgizar ta bi hannunta har kafaɗa. Ta ɓoye wa Gwaggo cewa lissafin nata ne.

Ta yi ta sintiri wajen mai ginin har aka sauya robar. Ƙugin ya ragu, amma bai tafi ba, don magina sun binne bututun ruwa cikin bangon, yana kai girgizar ɗakin, abin da babu shi a zanen da aka ba ta.

Gwaggo ta koma ɗakinta, ta juya matashinta zuwa ƙafar gado, nesa da bangon. Kullum kuma sai ta sa wa 'yar tata albarka, wai ta sa an yi gyara.