Gaisuwar Mutuwa da Turancin Inna

Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa shiga aji ba, amma Turanci bai taɓa ba ta tsoro ba. Duk kalmar da ta faɗo mata a kunne sai ta adana ta kamar daddawa, tana jiran ranar miya.

A Runjin Sambo muke, katanga ɗaya da wata malamar firamare, Kirista, wadda kowa ke kira Malama. Ta aiko mana shinkafar Kirsimeti, mu kai mata naman layya.

Wata Asabar da hantsi ƙanwata ta kunna fim ɗin barkwanci a waya. Akwai wani dolo a ciki mai ji da kansa ɗan boko ne. Ya je gaisuwar mutuwa, ya durƙusa, ya dafe ƙirji, murya na rawa ya ce, "Kwangiraculeshan." Muka tuntsire. Inna ma ta dara, ashe ɗangalallen wandonsa take wa dariya. Babu wanda ya tuna ya gaya mata kalmar taya murna ce.

Ba a yi wata ba surukin Malama ya rasu, tsoho tukuf. Na raka Inna gaisuwa. Tsakar gida cike da matan coci, an yi jugum. Inna ta cire takalmi, ta kama hannun Malama, ta langaɓe kai, ta saki kalmar nan da ƙarfi yadda kowa zai san ita ma ta waye:

"Malama, kwangiraculeshan."

Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Malama ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na girgiza. Inna ta zaci kuka ne, ta shiga bubbuga bayanta. "Yi haƙuri, ɗiyata. Kwangiraculeshan, kwangiraculeshan."

Nan dariyar ta ƙwace wa Malama, matan coci suka bi sahu. Mijinta, wanda ubansa ne ya mutu, ya goge hawaye ya ce, "Mun gode, Mama. Baba ya sha duniya, dama ya cancanta."

A hanyar gida na fassara mata. Ta tsaya cak. "Mi kac ce? To don mi kunka bar ni?" Ni na sha zagin, ɗan fim ko a jikinsa.

Washegari Malama ta shigo ta koya mata cewa "sori" ake faɗa. Inna ta juya kalmar a baki, ta taɓe leɓe. "Wagga 'yar guntuwa? Ta yi kaɗan ga babban mutum."