Ruwan Warar Maijidda

Duk wanda ya taɓa sayen wara a kasuwar Bwari zai tuna Maijidda, doguwar mace mai wushirya, wadda ba ta miƙa wa mutum kaya sai ta tsokane shi. Allah ya jiƙanta. A wata ruga bayan duwatsu aka haife ta, can ta yi aure, can mijinta ya rasu ya bar mata 'yan shanu da 'ya'ya mata biyu. Da wara, wato cukun madara, ta riƙe gidan.

Kullum da safe takan ɗora madara a wuta, ta daka ɗanyen karan tumfafiya, ta tace ruwansa a ciki, kamar yadda ta gada. Shi ke sa madara ta dunƙule. In ta kwashe warar, sai wani ruwa tsararo, kore-kore, ya rage a tukunya. Kaɗan take zuba wa warar don kada ta bushe a hanya, sauran na karnuka ne.

Wata shekara sai ga wata ɗaliba, Muhibba, mai bincike kan abinci a jami'a, ta zo da kwalabe tana neman wannan ruwa. Maijidda ta yi dariya har da riƙe ciki.

"'Yar boko, abincin karen nawa za ki kai makaranta?"

"Inna, ba magani ba ne, amma akwai abin gina jiki a ciki, kuma ba ya wahalar da ciki. Tsohon da ba ya iya tauna zai amfana."

Maganar ta zauna mata, domin tana da tsohuwa a rai. A ƙauyen manoma da ke kan hanyarta ta kasuwa akwai Maman Justice, Bagwariya mai ginin tukwane, wadda tun Maijidda na amarya take sayen tukunya a wurinta. Ciwo ya kwantar da ita, tuwo ba ya wucewa, ta koma ƙashi da fata. Ɗanta Justice, ɗan acaba, ya yi ta kai ta asibiti, aka ce lallai sai ta ci abinci.

Maijidda ta fara kai mata ruwan wara da ɗuminsa, tana dama mata kunu da shi.

"Ke Bafillatana," in ji tsohuwar cikin gurguwar Hausarta, "nama ka kai kasuwa, ruwan wanki ka kawo mini?"

"Sha, Mama. Karnukana sun yi fushi saboda ke."

Kafin damina ta fita, tsohuwa ta fara zama. Daga baya ta soma dogara sanda zuwa bakin ƙofa.

Sai shanun wani baƙon makiyayi suka shiga gonar doya, aka yi faɗa, aka sari wani saurayin ƙauyen a kafaɗa. Magana ta bazu a wayoyi cewa matan ruga na zuba guba a nono. Matan ruga suka daina zuwa kasuwa. 'Ya'yan Maijidda suka riƙe mata zane suna kuka, ta zauna a gida. Amma da labari ya zo cewa tsohuwa ta sake ƙin abinci, ta ɗauki ƙwaryar ruwan wara.

"Wa zai taɓa ni a garin da kowa ya ci warata?"

Tumfafiyar kusa da ruga ta ƙare. A bakin ƙauyen ta ga wata ta yi kyau, ta karyo rassa don aikin gobe, ta ɗora a kan faifai, farin ƙaro yana ɗiga.

Samari ne suka tare hanya da sanduna da adduna, galibinsu 'yan cirani daga cikin gari, ba su san ta ba, Hausarsu ma ba ta nuna ba.

"Madam, sauke kaya!"

Ɗaya ya ga rassan, ya ja da baya. "Wannan itace yana makanta mutum! Me kake yi da shi?"

"Da shi ake wara, ƙanena. Tambayi uwarka."

Ya buɗe ƙwarya, ya ga koren ruwa.

"Guba! Mun kama shi!"

Ta kai hannu za ta sha su gani, sanda ta sauka a kan hannun, ƙashi ya ce ƙas. Ta biyu ta same ta a ƙeya. Ta durƙusa ta rungume ƙwaryar da ɗaya hannun, tana kare ta da ƙirjinta. Suka yi ta duka, da ƙafa, da dutse, har ƙwaryar ta dare a ƙarƙashinta. Ba ta roƙe su ba. Cewa take, "Na Mama ne, kada ya zube."

Ihun ya kai gidan tukwane. Tsohuwar da bara ake juya ta a tabarma ta fito da sandarta, tana tafe tana faɗuwa, ta keta samarin. Ta zauna a ƙasa, ta ɗaga kan Maijidda ta ɗora a cinya. Ɓarin ƙwarya na gefe da sauran ruwa a ciki, ya gauraya da ƙasa da jini. Ta ɗauka, ta kalle su ɗaya bayan ɗaya, ta shanye.

"To, ku tsaya ku ga mutuwata."

Ba wanda ya tsaya. Sanduna suka zube, hanya ta watse.

Maijidda ta buɗe ido ɗaya, ɗayan ya rufe da kumburi.

"Mama, da ƙafarki kika zo?"

"Da ƙafata, 'yata."

Ta yi murmushi, wushiryar cike da jini. Justice ya iso, aka ɗora ta a babur, wani ya riƙe ta ta baya. Ba su kai kwalta ba ta cika.

Da aka yi zaman makoki, Maman Justice ta ƙi hawa babur. Ta taka har ruga, ɗauke da sabuwar tukunya ta dafa madara, ta ajiye a gaban 'ya'yan Maijidda, ta zauna cikin matan tana kuka.